Tazarar da Ke Tsakanin Jirgi da Jirgi a Samaniyar Kano

Duk wanda ya san ƙasar Shanono ya san ƙasa ce ta noma, wadda gona ke manne da gona tun daga bakin wannan ƙauye har bakin wancan, ga ɗorawa da tsamiya jefi-jefi a tsakanin kunyoyi, ba a rasa mutum a duƙe ko yaro a bayan awaki. Kuma ko da yake babu filin jirgi a can, akasarin jama'a ma ba su taɓa taka matakalar jirgi ba sai wanda Allah ya nufa da zuwa Makka, duk da haka samaniyar da ke bisa kansu hanya ce mai ƙa'ida. Tsakanin Shanono da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, in an miƙe ba a bi karkatar hanyar mota ba, kimanin kilomita 60 ne, saboda haka jirgin da ya taso daga wajen Sakkwato yana nufin Kano, sa'ad da zai gifta ta wannan sashe, ya riga ya daɗe da barin ƙololuwar tafiyarsa, yana gangarowa, saura 'yan mintuna ƙafafunsa su taɓa ƙasa. Manomin da ya ɗaga kai ya hango shi yana ƙyalli shi kaɗai zai zaci ya sami sarari sai yadda ya ga dama, alhali kuwa a wannan sa'a tsayin da yake kai, da saurin da yake yi, da jihar da ya fuskanta, duk wani mutum ne da ke zaune a ƙasa a Kano ya ƙayyade masa su, kuma matuƙin ba zai sauya ko ɗaya ba sai da izini.

Dalilin wannan tsanani shi ne gazawar idon ɗan Adam. Jirgin fasinja, ko bayan ya rage gudu ya sauko ƙasa da ƙafa 10,000, yakan ci kimanin kilomita 460 cikin awa guda. In biyu suka fuskanci juna da irin wannan gudu, kilomita 15 suke cinyewa a kowane minti, ta yadda matuƙin da ya hango ɗan'uwansa a nisan kilomita 3 bai da abin da ya wuce daƙiƙa 12 da zai gane abin da ya gani, ya yanke shawara, ya karkatar da ƙarfe mai nauyin tan masu yawa. Wannan fa a ranar da gari ya yi wasai ke nan. To, ina ga cikin gajimare, ko da dare, ko a tsakiyar hunturu sa'ad da hazo ke rufe Kano har mutum ya kasa hango dutsen Dala daga nesa kaɗan? Kuma haɗarin ya fi tsanani a kusa da filin jirgi, domin a can sama kowa da hanyarsa, amma a nan duk hanyoyi wuri guda suka nufa, masu sauka da masu tashi, manya da ƙanana, kowa yana bukatar titi ɗaya tak wanda ba ya ɗaukar biyu a lokaci guda.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan sha'ani. A ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin wasan dawaki. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga daga Kartum. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa Kano ta zama zango ga jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ana kai su Masar ta Maiduguri da Sudan. Har yau, a taswirar masu tuƙin jirgi ta duniya, samaniyar Nijeriya da sunan Kano aka san ta, kuma cibiyoyi biyu ke raba aikinta, ɗaya a Kano ɗaya a Legas, ƙarƙashin hukumar NAMA wadda aka kafa da dokar 1999. Maƙwabtanmu na Nijar da Chadi suna ƙarƙashin wata hukuma ta haɗin gwiwa mai suna ASECNA, wadda ta samo asali tun 1959, kuma jirgin da ya taso daga Yamai ko Jidda ba ya shigowa sai an sanar da Kano lokacinsa da tsayinsa kafin ya iso iyaka. Dokokin da duk waɗannan ke bi asalinsu guda ne, wato yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Chikago a 1944, wadda ta haifi hukumar ICAO. Da ba don wannan ijma'i ba, da kowace ƙasa ta riƙa auna tazara da mudunta.

Jirgin da zai sauka yakan bi ta hannu uku. Na farko mai kula da sararin yanki, wanda ke ba shi izinin fara gangarowa tun yana da nisan kilomita 200 ko kusa da haka. Na ƙarshe mai zama a hasumiya, wanda ke ganin titin da idonsa, kuma shi kaɗai ke da ikon cewa an yarda a sauka. Na tsakiya, mai kula da masu tunkarowa, shi ne wanda aikinsa ya fi ba ni sha'awa, domin shi ne ake miƙo wa jirage daga kowace kusurwa, wannan daga Abuja, wancan daga Legas, wani daga gabas cike da alhazai, kowa da nauyinsa da saurinsa, ana bukatar ya mai da su sahu ɗaya, a jere, da tazara madaidaiciya, a kan layin da ya miƙe zuwa bakin titi. Ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu da ido. Abin da ke gabansa allo ne mai ɗigo-ɗigo masu motsi, kowane ɗigo da ɗan rubutu a gefensa mai nuna sunan jirgin da tsayinsa da saurinsa, wanda ake haɗawa daga amsar da wata na'ura a cikin jirgin ke aikowa duk sa'ad da rada ta tambaye ta, bisa lamba huɗu da aka ba shi tun kafin ya tashi. In matuƙi ya sauya lambar nan zuwa 7700, to ya shelanta ke nan cewa yana cikin larura, sai a kawar masa da kowa daga hanya.

Tazarar da ake kiyayewa iri biyu ce, kuma sharaɗi ne a sami aƙalla ɗaya a kowane lokaci. Akwai ta sama da ƙasa, wadda ita ce ƙafa 1,000, kimanin mita 300. Akwai ta gefe ko ta gaba da baya, wadda galibi mil 5 ne na teku in ana ganin jiragen a rada, a kusa da fili kuwa akan yarda ta sauko zuwa mil 3 in na'urorin sun cancanta, kowane mil kuma mita 1,852 ne. Inda babu rada, ko ta lalace, sai a koma ga tsohon tsari na lissafi da agogo, inda matuƙi ke faɗin wurin da ya kai da lokacin da zai kai na gaba, mai kula kuma yana rubutawa a 'yan tsiraren takardu yana jera su gabansa, tazarar kuwa ta faɗaɗa har ta kai minti 10 tsakanin jirage biyu masu tsayi ɗaya a hanya ɗaya. Wannan tsari yana da aminci, sai dai yana da nawa ƙwarai, kuma yana daga cikin sabubban da ke sa a ga jirage sun yi cirko-cirko ana jira ba tare da fasinja ya ga wani dalili ta taga ba.

Akwai wata mas'ala mai sirri a cikin tazarar sama da ƙasa wadda ta cancanci mu dakata a kanta. Jirgi ba ya auna tsayinsa da igiya. Nauyin iskar da ke kewaye da shi yake aunawa, domin iska tana raguwa da nauyi gwargwadon yadda aka yi sama. Amma nauyin iska a ƙasa ba ya zama wuri ɗaya, yau daban gobe daban, na Kano daban na Legas daban. Saboda haka a can ƙololuwa aka yi ittifaƙi kowa ya saita ma'auninsa a kan lamba guda, 1013, domin ko da duka sun kauce wa haƙiƙa, to sun kauce tare, tazarar da ke tsakaninsu tana nan. Amma in jirgi ya sauko kusa da ƙasa, wajibi ne a karanta masa awon Kano na wannan sa'a, wanda ma'aikatan hukumar NiMet ke ɗauka, ya saita da shi, tun da filin Kano kansa yana bisa teku da fiye da ƙafa 1,500. Kuskuren lamba 10 a wannan awo yana kai jirgi kusan ƙafa 300 daga inda matuƙi ya zaci yake, wato kusan sulusin tazarar ya tafi ba wanda ya sani.

Dabarun jera masu sauka ba su da yawa, gwaninta ce ke bambanta masu amfani da su. Mai kula zai ce wa wannan ya rage gudu, ya ce wa wancan ya ɗan yi nisa kafin ya juyo, ya gajarta wa na uku hanya domin ya cike wani gurbi da ya hango zai buɗe nan da minti huɗu. In sun yi yawa sai ya aika da su wurin jira, inda kowane ke kewaya wuri ɗaya, kewaye guda kimanin minti huɗu, wani bisa wani da tazarar ƙafa 1,000, ana zare na ƙasa ana sauko da sauran mataki-mataki. Jirgi kuma yana son ya sauka yana fuskantar iska, shi ya sa babban titin Kano, mai tsawon fiye da kilomita 3, yake da lamba biyu: 06 ga wanda ya nufi arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, da 24 ga wanda ya nufi kudu maso yamma, inda iskar damina ke fitowa. Da zarar iska ta juya, dukan sahun sai an sake shi daga wancan ɓangare.

Ko jirage biyu ba su taɓa juna ba, na gaba yana iya halaka na baya. Kowane fiffike da ke ɗauke da nauyi yana barin iska mai murɗawa a bayansa, guguwa biyu kwance waɗanda ido ba ya gani, suna daɗewa minti ɗaya ko biyu suna nutsawa sannu a hankali, kuma ƙarfinsu gwargwadon nauyin jirgin ne. Wanda ya taɓa tafiya a keke a hanyar Gwarzo babbar mota ta wuce shi da gudu, ya ji yadda iskarta ta fizge shi bayan ita motar ta riga ta yi gaba, ya ɗanɗani abin da muke magana. Don haka aka kasa jirage bisa nauyi: mai tan 136 ko fiye babba ne, mai tan 7 ko ƙasa ƙarami ne, sauran matsakaita. Babba a bayan babba mil 4, matsakaici a bayan babba mil 5, ƙarami kuwa mil 6. Lokacin jigilar alhazai, da manyan jirage ke sauka a Kano suna cakuɗuwa da na cikin gida, wannan lissafi ba ya barin kan mai kula ko daƙiƙa guda.

Dukan wannan gini a kan magana yake tsaye, kuma magana ce mai ladabi irin nata, da Turanci ake yinta, gajera, ba gaisuwa mai tsawo, ba kinaya, akasarin lambobi ana furta su ɗaya-ɗaya. Mai kula zai kira sunan jirgi ya ce, ga ma'anarsa da Hausa: sauko zuwa ƙafa 5,000, awon iska ɗaya sifiri ɗaya biyu, juya dama ka fuskanci ɗaya biyar sifiri. Matuƙi ba ya cewa to, ba ya cewa na ji. Wajibi ne ya maimaita umarnin gaba ɗaya, ya rufe da sunan jirginsa, shi kuma mai kula ya saurara da kunnen mai neman kuskure, in ya ji lamba ɗaya ta saɓa ya gyara nan take. Wanda ya ga wannan maimaici kamar ɓata lokaci ne, ya dubi abin da ya auku cikin mako guda a Nuwamban 1996. Ranar 7 ga wata, jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Fatakwal yana tunkarar Legas ya sami kansa dab da wani da ya taso daga Legas ɗin, bayan ruɗani da aka samu game da umarnin saukowarsa. Matuƙin ya kauce da ƙarfi, jirgin ya kuɓuce masa, ya faɗa ruwa kusa da Ejirin, mutum 144 suka rasu. Kwana biyar bayan haka, a ƙasar Indiya kusa da Delhi, jirgin Kazakistan da aka umarta ya tsaya a ƙafa 15,000 ya zarce ƙasa ya shiga tsayin jirgin Saudiyya da ke tashi, wanda aka tsayar a 14,000. Radar da ke wurin a lokacin ba ta nuna tsayin jirgi, mai kula bai da hanyar ganin saɓanin, rayuka 349 suka salwanta. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri.

Mu ma a nan Kano mun taɓa ɗanɗanar irin wannan musiba. Ranar 1 ga Maris 1978, jirgin Nigeria Airways ƙirar Fokker F28 yana tunkarar sauka a Kano ya yi karo da jirgin yaƙi ƙirar MiG-21 na sojan saman Nijeriya da ke atisaye, mutum 16 da ke cikin na fasinja da biyun da ke cikin na soja duka suka riga mu gidan gaskiya. Filin Kano fili ne da farar hula da soja ke tarayya a kansa, kuma jirgin yaƙi ƙarami ne, mai sauri, mai wuyar hange, atisayensa kuwa ya ƙunshi saukowa ya taɓa titi ya sake tashi ya kewayo, a daidai sararin da na fasinja ke bi. Ni dai ra'ayina, duk inda aka haɗa waɗannan biyu, babu wani uzuri da zai halatta su kasance ƙarƙashin umarni biyu, ko a dogara ga cewa wani ya hango wani. Kada kuma a ce wannan cuta ce ta ƙasashe matalauta: ranar 29 ga Janairu 2025, a birnin Washington na Amurka, jirgin fasinja mai sauka ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu bisa kogin Potomac, mutum 67 suka mutu, bayan matuƙan na sojan sun karɓi alhakin kauce wa ɗayan da idonsu cikin dare.

Sai batun hazo, wanda shi ne jarrabawar Kano ta kowace shekara. Ƙurar da iska ke kwasowa daga ƙwarin Bodele a Chadi takan sauka mana tsakanin Nuwamba da Maris, wani lokaci gani ya gaza kilomita guda. Akwai na'ura a bakin titi mai aika siginar rediyo biyu, ɗaya tana nuna wa jirgi tsakiyar titin, ɗaya tana nuna masa gangara mai digiri 3, wato saukowar kimanin ƙafa 300 a kowane mil. Amma a matakinta na farko tana kai shi ne zuwa ƙafa 200 daga ƙasa, a nan in matuƙi bai ga titi ko fitilunsa ba, hukuncinsa ɗaya ne, ya ƙara wuta ya koma sama, mai kula kuma ya riga ya tanadar masa hanyar da babu kowa a cikinta. Da damina kuma hadari ne ke tasowa daga gabas da iska mai dannowa ƙasa, irin wadda ta kayar da jirgin BOAC jim kaɗan bayan tashinsa daga Kano ranar 24 ga Yuni 1956. Tsofaffi kuma ba su manta da 22 ga Janairu 1973 ba, ranar da jirgin alhazai da aka karkato daga Legas saboda yanayi ya kama wuta wajen sauka a Kano, 176 daga cikin mutum 202 suka rasu; wannan ba karo ba ne, amma ya isa shaida cewa 'yan mintunan sauka su ne mafi nauyi a dukan tafiya.

Don haka nake jin ciwo sa'ad da na ji matafiya, musamman masu hali da masu muƙami, suna zagin ma'aikata domin an jinkirta jirgi, ko an sa shi ya yi ta kewaya, ko an mai da shi wani gari. Malamanmu sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, kuma sun karantar cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi. Mai kula da ya ƙi matse tazara domin wani babba yana sauri, da matuƙin da ya fasa sauka ya koma sama saboda bai ga titi ba, amana suka riƙe, kuma haƙƙinsu a kanmu shi ne kada mu sa su ji kunyar riƙe ta.

Na'urori sun ƙaru, alhamdu lillahi. A 2010 aka ƙaddamar da shirin rada na ƙasa baki ɗaya, mai manyan tashoshi a Legas da Abuja da Kano da Fatakwal, da wasu a Talatar Mafara da Maiduguri da Numan da Ilorin da Obubra. Manyan jirage kuma suna ɗauke da na'urar da ke magana da takwararta ta jirgin da ya kusanto, su daidaita a tsakaninsu, ta ce wa wannan ya hau, ta ce wa wancan ya sauka. Tun bayan karon da aka yi a kudancin Jamus ranar 1 ga Yuli 2002, inda mai kula guda ɗaya da aka bari a bakin aiki ya ce wa matuƙi ya sauka alhali na'urarsa tana cewa ya hau, mutum 71 suka mutu, da yawansu yara 'yan makaranta, aka tabbatar da hukunci cewa a irin wannan hali maganar na'ura ake bi. Sai dai wannan kariya ce ta ƙarshe, ba ta buɗe baki sai tsarin farko ya riga ya gaza. Rada kuwa tana tsufa, tana bukatar kayan gyara da wutar lantarki marar yankewa, rediyo yana bukatar ya kai ko'ina, masu kula kuma suna bukatar yawan da zai ba kowannensu damar tashi ya huta, domin gajiyayyen kunne shi ne ke barin lambar kuskure ta wuce.

Wannan aiki a ganina farillar kifaya ce a kan al'umma, kuma ƙofarsa ba ta da nisa da mu, tun da kwalejin da ke koyar da shi tana Zariya tun 1964. Samarinmu da 'yan matanmu na karkara, waɗanda Allah ya ba kaifin lissafi da natsuwa, ya kamata malamansu su sanar da su cewa akwai wannan sana'a, su kuma san sharuɗɗanta tun da wuri: Turanci mai fita sarai, lafiyar ido da kunne wadda likita ke sake dubawa lokaci-lokaci, da lasisi daga hukumar NCAA. Ko bayan lasisin ma ba a barin sabon ma'aikaci ya zauna kujerar Kano shi kaɗai, sai ya yi watanni yana aiki da wani gwani a gefensa mai sauraron kowace kalma tasa, mai ikon karɓe magana daga bakinsa nan take, sa'an nan a jarraba shi a kan wannan fili takamaimai, titunansa, da hanyoyin shigowarsa, da wuraren jiransa, da abin da zai yi ranar da allon rada ya ɗauke yana da jirage shida a hannu.